Baƙin Mai, Fenti ko Efoksi: Wanne Ya Dace da Daɓen Katakon Tirela a Maraɗi?

Ranar da na fara ɗaukar maganar daɓen tirela da muhimmanci ita ce ranar da wani Alhaji mai sayen aya ya sa aka sauke mana lodi har zuwa layin ƙasa, ya soka ƙarfen ɗiba a buhu, ya zuba a tafin hannu, ya kai hanci. Bai ce komai ba. Ya jefa ƙwaya biyu a baki, ya tauna, ya tofar. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam, ayar nan ta sha mai." Na ce, "Alhaji, wane irin mai kuma?" Sai ya miƙo mini hannunsa. Warin gareji ne sak. Makonni uku kafin nan mun shafe katakon bodin da baƙin mai haɗe da gazuwal, kamar yadda muka taso muka ga ana yi. Muka ɗauko lodin daga Caduwa, motar ta kwana biyu a layin motoci na kan iyaka a Ɗan Isa cikin zafin Afrilu, an ɗaure tamfol tamau, man ya taso daga cikin katako ya bi buhunan ƙasa gaba ɗaya. Alhajin ya karya farashin layin nan duka. Mai kaya ya ce ba ruwansa, motata ce ta ɓata masa dukiya, kuma gaskiyarsa ce. Ni na cika kuɗin.

Tun daga lokacin na gwada abubuwa iri-iri a kan tirelolinmu biyu, na kuma sa ido a kan na abokan sana'a, na ga wanda ya ɗore da wanda ya tashi da kuɗin mutum a banza. Shi ne nake so in baje wa duk wanda ke shirin sake katakon bodinsa, ko yake tunanin abin da zai shafa wa wanda yake da shi.

Kafin a yi gardamar abin shafawa, sai an san ta inda katako ke mutuwa a garin nan. Wani dattijon kafinta da ya daɗe yana haɗa bodin manyan motoci shi ya nuna mini. Na kai masa motar ina nuna masa saman daɓen, ina cewa, "Baba, ka ga har yanzu da sauransa, fenti kawai yake so." Ya ce, "Ɗana, sauko mu shiga ƙarƙashi." Muka sunkuya tsakanin tayoyi. Ya ɗauki sukundireba ya danna katakon daidai inda ya kwanta a kan ƙarfen gicciye, sai ga ta ta nutse kamar an soka ta a dafaffen rogo. Ya matsa bakin falanki na baya, wajen ƙofa, nan ma haka. Ya zagaya ramukan noti, kowanne da baƙin zobe kewaye da shi, notin ya ci tsatsa ya sirance. Ya ce, "Kai sama kake kallo. Ruwa kuwa ta nan yake shiga, kuma nan yake kwana."

Dalilin a fili yake. Katako ba ya ruɓewa don ruwan sama ya dake shi sau ɗaya. Yana ruɓewa ne idan laimar cikinsa ta zauna sama da kashi 20 cikin 100 na tsawon lokaci. Saman daɓe yana samun rana da iska, ko an yi ruwa da dare kafin azahar ya bushe. Amma tsakanin katako da ƙarfe, inda taya ke watsa taɓo tun daga Yuni har Satumba, ba rana ba iska. Bakin falanki kuma, wato inda zarto ya yanka, yana zuƙar ruwa ninkin-ba-ninkin yadda bayansa ke yi, domin jijiyoyin icen a buɗe suke ta nan kamar bakin kara.

Abu na biyu da yanayinmu ke yi wa katako shi ne motsi. Da hunturu da bazara iska ta bushe ƙarau, katako ya tsuke. Da damina ya sha laima ya kumbura. A tsawo ba ya wani motsi, a faɗi yake yi, kuma falanki mai faɗin santimita 20 na iya canzawa da milimita 2 zuwa 4 tsakanin Maris da Agusta, gwargwadon irin icen. Ka haɗa wannan da lanƙwasar da shasi ke yi in an ɗora tan talatin an bi hanyar laterit zuwa ƙauye. Duk abin da za ka shafa, sai dai ya bi katako yana motsi tare da shi, ko kuwa ya tsage. Wannan ita ce ma'aunin da nake auna kowane irin shafi da ita.

Baƙin mai shi ya fi kowanne farin jini, kuma na san dalili. Kyauta ake samunsa ko kusan kyauta, duk juyen mai yana bar maka bokiti guda, karen mota zai shafe bodi gaba ɗaya da tsumma a sanda kafin a kira la'asar. Yana shiga cikin katako, yana korar ruwa na ɗan lokaci, gara ba ta son sa, kuma tunda ba ya yin ɓawo, babu abin da zai tsage. Ba zan ce ba ya aiki ba, yana yi. Matsalarsa ita ce ba ya bushewa har abada. Yana nan kwance a cikin katako, duk ranar da zafi ya haura digiri 40 sai ya yi gumi ya fito. Kuma abin da ke cikinsa ba mai zalla ba ne: gurɓataccen abin da inji ya ƙona ne, da ɓurɓushin ƙarafa irin su dalma, da sinadaran da likitoci suka tabbatar suna iya jawo sankarar fata ga wanda ke yawan cuɗanya da su. Buhunan leda da muke zuba gero da wake da riɗi saƙa ce mai ƙofofi, ba sa tare wari, ba sa tare maiƙo. Aya da gyaɗa da riɗi kuwa, da yake su ma masu mai ne, sun fi kowane hatsi saurin ɗaukar wari. Ni na yi asarar kuɗi ne kawai saboda Alhajin yana da hanci. Abin da ya fi damuna daga baya shi ne lodin da ba a gane ba, wanda ya tafi aka yi kunun aya da shi aka ba yara.

Ga kuma santsi. Daɓen da ya sha baƙin mai in ruwa ya taɓa shi, ɗan dako mai buhun kilo 100 a ka yana taka rai ne a hannun Allah. Sannan duk wanda ya shafa shi ya rufe wa kansa ƙofa, don babu fentin da zai ƙara kama wannan katako. Ga mai ɗaukar tsakuwa, ko bulo, ko ƙarafunan gini kaɗai, wanda ya tabbata buhun abinci ba zai taɓa hawa motarsa ba, to ya san abin da ya zaɓa. Amma a Maraɗi wace mota ce ke da wannan tabbaci? Yau siminti daga Malbaza, gobe in za a dawo wayam sai ɗan kamasho ya ce ga albasar Galmi, wa zai ƙi?

Wanda ya maye mini gurbinsa shi ne man lin, wanda ake rubuta huile de lin a jikin gwangwaninsa a shagunan kayan gini. Shi ma mai ne, shi ma yana nutsewa cikin katako, amma bambancinsa da baƙin mai shi ne yana haɗuwa da iska ya daskare a can ciki, ya zama kamar ƙaro. In ya gama bushewa ba ya sake fitowa. Ba ya yin ɓawo a sama, saboda haka ba abin da zai ɓare in an ja buhu ko an gangara durom, kuma yana barin laima ta fita. A nemi dafaffe, shi ne ke bushewa cikin kwana ɗaya zuwa uku, ɗanyen yana iya ɗaukar makonni yana danƙo. Shafin farko a sirka shi da tina, wato ruwan tsinka fenti, rabi da rabi don ya shiga sosai, a bar shi kamar rabin awa, a goge abin da katako bai shanye ba. Wannan gogewar ita mutane ke tsallakewa, sai ragowar ta kwanta a sama ta yi kauri, ƙurar hunturu ta manne mata.

Aibinsa ba ɓoyayye ba ne. Ba ya daɗewa: a tirela buɗaɗɗiya da rana ke duka kullum, sai an sabunta shi aƙalla sau ɗaya a shekara, mai yawan zirga-zirga ma sau biyu. Shi kaɗai ba maganin gara ba ne. Ba kullum ake samunsa a gari ba, wani lokaci sai an yi saƙo Kano ko Yamai. Kuma akwai wani haɗari da nake roƙon kowa ya riƙe: tsumman da aka goge man lin da shi, in aka dunƙule aka jefa a lungu, yana iya yin zafi da kansa har ya kama wuta ba tare da ashana ba. A shanya shi a fili a kan ƙasa har ya bushe, ko a tsoma shi a bokitin ruwa. A garejin da ke da jarkokin gazuwal wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Wani abokina ya taɓa ce mini, tunda mai ake nema, me zai hana man gyaɗa, ga shi a garinmu ake matsa shi? Man gyaɗa ba ya cikin mayukan da ke daskarewa. Zai zauna da danshinsa, ya yi ɗoyi, ya gayyato ɓeraye da kiyashi.

Sai fenti. Na ruwa, irin wanda ake shafa wa bangon ɗaki, kada ma a ɓata lokaci, lodi ɗaya zai share shi. Fentin mai shi ne abin magana, kuma shi ne mafi yawan masu son motarsu ta yi kyan gani ke zaɓa. Yana da sauƙin samu, kowane mai fenti ya iya shi, yana tare rana fiye da man lin, yana sa wanki ya yi sauƙi. Amma shi ɓawo ne a kan katako, kuma ɓawo a kan abin da ke motsi ƙarshensa tsagewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya bi tsagar ya shiga, fentin da ke kewaye ya hana shi fita, sai ka ga daɓe yana ƙyalli a sama alhali ƙarƙashin fentin ya yi laushi. Na ga falankin da aka yi wa fenti mai kauri sama da ƙasa ya riga wanda ba a shafa wa komai ba lalacewa.

Duk da haka fentin mai yana iya yin aiki in an bi shi a hankali. Sirrin yana cikin shafin farko: a tsinka shi sosai da tina har ya zama kamar ruwan koko, katako ya sha, maimakon a kwantar masa da kauri. Bayan kwana guda a yi na biyu. Tun yana ɗanye a ɗauko yashin gulbi wanda aka wanke, aka shanya, aka tankaɗe da rariya, a barbaɗa shi ko'ina kamar mai yafa iri. Washegari a share wanda bai kama ba, a rufe da shafi na uku marar kauri. Yashin nan shi ke ba ƙafa wurin kamawa, kuma shi ke karɓar gogayyar buhu kafin ta kai ga fentin. Daɓen tirela mai tsawon mita 12 da faɗin mita biyu da rabi murabba'in mita 30 ne. Sabon katako yana shan kusan lita 4 a shafin farko, na bayansa ƙasa da haka, don haka lita 10 zuwa 12 za ta gama saman. Da wannan lissafin mutum zai iya tambayar farashin gwangwani ya san inda ya dosa.

Abu biyu game da fentin mai da ba a cika faɗa ba. Siminti in ya jiƙa, da kanwa, da fitsarin dabba da ya kwana, duk suna cin sa, su mayar da shi laushi kamar sabulu. Wanda kayansa ke nan kullum, kuɗin fentinsa ba zai ga damina biyu ba. Na biyu, wasu fentocin mai masu launin rawaya da ja da ruwan lemo ana haɗa launinsu da dalma, kuma daɓe wuri ne da fenti ke gogewa ya zama gari ya shiga kaya. Ga mai ɗaukar abinci, ya zaɓi ruwan toka, ya kuma duba ko an rubuta a gwangwanin cewa babu dalma.

Efoksi shi ne wanda matasa masu kallon bidiyo a waya ke zuwa da labarinsa. Gwangwani biyu ne ake haɗawa, in ya daskare ya yi tauri kamar tangaran, mai ba ya ratsa shi, gishiri da taki ba sa cin sa, ana wanke shi tas. Duk gaskiya ne, kuma a wurin da ya dace babu kamarsa. Wani maƙwabcina yana da mota mai rufaffen akwati, daɓenta filawud ne manya-manya, yana rarraba katan-katan na taliya da sabulu zuwa Tasawa da Mayahi. Ya yi wa daɓen efoksi, shekara ta uku ke nan, in ka shiga kamar ɗakin asibiti. Rana ba ta taɓa shi, ruwa ba ya shiga, filawud kuma ba ya kumbura ya tsuke kamar falanki.

A buɗaɗɗiyar tirela mai jeren falankai kuwa labarin daban ne, na gwada a rabin bodin ƙaramar motarmu na gani. Tun a wajen shafawa zafinmu ke yaƙarsa. Lokacin da aka rubuta a gwangwani cewa haɗin zai jira ka kafin ya daskare, an auna shi ne a yanayi mai sanyi, kuma kusan duk ƙarin digiri 10 yana raba lokacin nan biyu. Mun haɗa da yawa a bokiti guda da hantsi, kafin mu kai tsakiya bokitin ya ɗau zafi, haɗin ya fara kauri a bakin rola. Wanda muka shafa kuma ya yi ƙuraje, domin katako in yana ɗumama iskar cikinsa fitowa take yi ta huda shafin. Da yamma ya kamata a yi shi, lokacin da katako ke hucewa, kuma kaɗan-kaɗan ake haɗawa. Wannan duk ana iya koyonsa. Abin da ba shi da magani shi ne taurinsa. Da damina ta farko ya tsage a kowace mahaɗar falanki, rana ta mayar da samansa fari-fari yana zubar da gari kamar alli, kafin shekara ta zagayo yana tashi faifai-faifai. Gyaransa kuma ba a yi da buroshi, sai an kankare da inji. Shi ya fi kowanne tsada a cikin waɗanda na lissafa zuwa nan, kuma shi ya fi saurin ba ni kunya.

Akwai ɗan'uwansa mai laushi, na foliyuretan, irin baƙin shafin nan mai gurza-gurza da ake fesa wa bayan motocin fikof. Yana miƙewa kamar roba, saboda haka ya fi efoksi haƙuri da motsin katako, kuma ba ya santsi. A ƙaramar tirela ko bayan babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya zai iya biyan kuɗinsa. A murabba'in mita 30 kuɗin ya kai na sabon katako ko ya wuce. Mai fesa shi kuma dole ya sa abin rufe hanci na gaske wanda aka yi don irin wannan aiki, don tururinsa yana lalata huhu, ƙyallen rawani ba ya tare shi.

Wasu sun gaji da maganar shafi gaba ɗaya, sai su sa a shimfiɗa farantin ƙarfe a kan katakon a yi walda. Ga mai ɗaukar tsakuwa da ƙarafa akwai hikima a ciki. Amma a yi lissafi: farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 yana da nauyin kusan kilo 23 da rabi a kowane murabba'in mita, a daɓe guda ya haura kilo 700. Buhu bakwai ke nan da za ka riƙa ɗauka kyauta a kowace tafiya har ƙarshen ran motar, ga sikeli na jira a hanya tun da UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta kafa dokarta mai lamba 14 a 2005 kan nauyin da aka yarda mota ta ɗauka. Ƙarfe yana ɗaukar zafin da ke dafa albasar layin ƙasa. Kuma ruwan da ya shiga tsakaninsa da katako ba ya da hanyar fita, ba ka kuma ganin ɓarnar sai ranar da taya ɗaya ta amalanken lodi ta burma. Shimfiɗar roba ma haka take tara laima, sai dai ita ana iya naɗe ta a shanya daɓen, in har yaran mota za su riƙa yi.

Kwalta ta ruwa, wadda ake shafawa da buroshi ba sai an dafa ba, ba ta da wuri a saman daɓe: da zafi tana narkewa ta ɓata buhu. Amma a ƙarƙashi ita ce sarauniya. Tana da araha, tana bin motsin katako, taɓo da ruwan taya ba sa ratsa ta. In da za a ce kuɗina na abu ɗaya ne tak, wallahi a nan zan kashe shi, in bar saman haka nan tsirara. Ƙarƙashin falanki, da bakinsa biyu da aka yanka, da cikin kowane ramin noti, da saman ƙarafunan gicciye bayan an kankare tsatsa an shafa musu jan fenti mai hana ta. Maganin gara irin su Solignum shi ma a nan ƙasa ya kamata ya tsaya, kafin kwaltar, don warinsa mai ƙarfi ne kuma guba ne. Wannan aiki yana yin kyau ne kawai lokacin da ake sake katako, kafin a ɗaure shi, domin bayan an ɗaure buroshi ba ya isa inda ya fi bukata.

Irin icen da aka sa shi ma yana sauya amsar. Loko da kawo suna da ƙarfin jure ruwa da gara tun daga halittarsu, mai kaɗan ya ishe su. Loko ma yakan ba fentin mai wahala, ya jinkirta bushewarsa, sai an goge fuskarsa da tina tukuna. Farin katako irin afara kuwa ko me ka shafa masa kwanansa ƙidayayye ne a ƙarƙashin lodi, araha ba ta ado. Kuma katakon da ake kawo mana daga kudancin Najeriya sau da yawa ɗanye yake isowa. In ka ɗaure shi a haka ka shafe, zai tsuke da hunturu ya bar ƙofofin da gero zai riƙa tsiyaya tun daga Gidan Runji har Konni, shafin kuma ba zai kama ba. A jera shi a inuwa, a sa ƴan sanduna tsakanin falanki da falanki, a ba shi makonni. In kuma ya bushe ƙarau a watan Maris kake ɗaurewa, bar masa ɗan tsakani kamar kaurin ƙusa, in ba haka ba da damina zai kumbura ya ture juna ya yi doro. Masu sayen katakon daɓen tsohuwar kwantena su sani yana da ƙarfi ƙwarai, filawud ne mai kaurin milimita 28, amma an jiƙa shi da maganin ƙwari tun daga masana'anta, kada a goge shi da inji ba abin rufe hanci, kada kuma a zuba hatsi a kansa ba shimfiɗa.

Masu ɗaukar dabbobi daga Dakoro da kasuwannin arewa zuwa Jibiya da Katsina, nasu ya fi na kowa wuya. Fitsari da kashi suna kwana a kan katako, kofato yana kankare duk wani ɓawo, kuma santsi kaɗan ya isa ya kayar da bijimi ya karye, sauran su tattake shi. Fenti mai ƙyalli da efoksi da farantin ƙarfe duk ba nasu ba ne. Abin da na ga yana yi musu aiki shi ne man da ke shiga ciki ya bushe, da ƴan sandunan katako da aka buga a gicciye don kofato ya samu matoka, da yashi mai kauri a kowace tafiya. Sai kuma abin da ya fi duk wani shafi: a kwashe yashin nan a wanke daɓen ranar da aka sauke, kada a bar shi ya kwana uku a tasha yana jiƙa katako. Masu taki da gishiri su ma haka, domin su biyun suna janyo laima daga iska, su ci noti tun kafin katakon ya gaji.

To wanda daɓensa ya riga ya sha baƙin mai fa, kamar yadda nawa ya sha? Ka ɗiga ruwa a kai. In ya dunƙule ya tsaya kamar ƙwayar wake, babu abin da zai kama wurin, kada ka sayi fenti. Mun wanke namu da ruwan zafi da omo sau uku, muna shanya shi a rana, man yana sake fitowa. A ƙarshe Baba kafinta ya ce a kwance falankan a juya su, fuskar da ta sha mai ta koma ƙasa inda ake son ta, tsohuwar fuskar ƙasa a goge ta da inji ta dawo sama. Waɗanda suka ruɓe a bakin ƙarfe muka canza su, kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda ba zai iya wannan ba, aƙalla ya shimfiɗa leda mai kauri da tabarmi kafin buhun abinci ya sauka.

Yanzu babbar motarmu, wadda ke ɗaukar hatsi da aya da duk abin da Allah ya kawo, kwalta ce a ƙasa, man lin a sama, kuma ko da hakan ina sa a shimfiɗa tabarmi in abinci ne. Ƙaramar, da yake kayan shago ta fi ɗauka kuma tana kwana a rumfa, fentin mai ruwan toka da yashi. Na bar wa kowace fuska ɗaya da laima za ta iya fita: a ƙaramar ban shafe ƙarƙashin duka da kwalta ba, bakin falanki da ramukan noti da inda ya hau ƙarfe kawai na bi.

Lokacin aikin kuma ƙarshen Fabrairu zuwa Maris na fi so. Lodin kaka ya lafa, katako ya bushe iyakar bushewa, zafin Afrilu bai kankama ba. A duba ranar da ƙura ta kwanta, a ja motar inuwa, a yayyafa ruwa a ƙasan wurin don kada iska ta tayar da turɓaya. Fenti a tsakar rana yana bushewa a sama ya bar cikinsa ɗanye. Abin da ya fi wa mai mota wuya shi ne jira, don fentin mai yana daina kama hannu cikin sa'o'i kaɗan amma ba ya yin ƙwari sai ya kwana bakwai ko fiye, man lin ma warinsa ba ya barin katako kafin haka. Bara direbana ya zo a kwana na huɗu ya ce, "Maigida, ga lodin wake zuwa Damagaram, kuɗin da kyau." Na hau bodin ƙaramar, na danna farcen babban yatsa a fentin can lungun gaba inda iska ba ta kaiwa, farcen ya bar shaida. Na ce masa ya ba wani, mu sai ranar Asabar.